Yatsun Tekarei

Nonouti, Fabrairu 1986

Itaia mijina,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Tekarei da mahaifiyarka. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Mu nan lafiya lau. An yi ruwa, tanki ya cika, ɗan aladen nan da ka ce ba zai yi rai ba yanzu igiya ba ta riƙe shi. Iya kuwa, mahaifiyar taka, ƙafarta ce kawai ke damun ta, ita ma ba ta hana ta zuwa duk inda ake gulma ba.

Yanzu ka nemi wuri ka zauna. Ba mutuwa ba ce, amma ka zauna.

Tekarei ta faɗo daga kan kwakwa. Ka san tun da ƙaninka ya koma Tarawa ba mu da mai hawa ya yanka furen kwakwa ya sauko mana da ruwan karewe safe da yamma. 'Yarka ta ce ita ba za ta sha shayi da sukarin kanti ba alhali bishiyoyin ubanta suna tsaye. Na hana, na yi faɗa, na ɓoye wuƙar. Ta samo ta. Tun kafin Kirsimeti take hawa, har da waƙa a can sama kamar maza. Ban faɗa maka ba don na san abin da za ka ce.

Ran nan an kwana ana yayyafi, itacen ya yi santsi. Tana saukowa ƙafarta ta zame, ta tare ƙasa da hannun dama. Da na iso, gwiwar hannun ta goce, ƙashi ya turo fata ta baya kamar an cusa sanda cikin buhu. Ni ina ihu, Iya tana ihu, ita kuwa abin da ta fara cewa shi ne, “Kaka, kwalbar karewen ba ta fashe ba ko?”

Muka ɗora ta a babur ɗin malamin makaranta zuwa asibitinmu. Ma'aikacin ya ce in riƙe kafaɗarta, ya ja hannun a hankali, sai muka ji ƙwas, ƙashi ya koma wurinsa. Ta zage shi da wata kalma da ban san ta sani ba. Ina zaton a bakinka ta ji ta. Ya ɗaure hannun, ya rataya mata a wuya, ya ce nan da 'yan makonni sai labari.

Tana cin abinci, tana barci, tana ba kowa umarni daga kan tabarma. Kada ka tayar da hankalinka.

Taka,
Raweita


Rotterdam, Afrilu 1986

Raweita,

Ina gaishe ki, ina gaida Iya, ina gaida mai hawan kwakwa. Ina lafiya, sai dai sanyin garin nan ya shige min ƙashi. Takardarki ta bi ni Santos ta tarar mun tashi, sai a nan ta kamo ni.

Na zauna kamar yadda kika ce, amma ban kai rabin shafi ba na miƙe. Yarinya 'yar shekara goma sha uku a kan kwakwa! Duk ƙauyen an rasa saurayi ɗaya da zai hau mana? Ina 'ya'yan ƙanwarki da suke cinye mana shinkafa duk lokacin da na dawo? Na sani, za ki ce ni ma ina nan da ban bar gida ba. Na riga ki faɗa wa kaina.

Kalmar nan da ta zagi ma'aikacin da ita, ba a bakina ta ji ba. Ki tambayi Iya.

Ki faɗa mata na ce idan ta sake taka itacen nan, zan dawo in sare su duka, mu sha shayi da ruwan teku. Ki kuma faɗa mata na karanta wa abokan ɗakina maganar kwalba, sun yi dariya har wani ya shaƙe. Taurin kan nan dai naki ne, kowa ya sani.

Tunda ƙashi ya koma, na gode wa Allah. Daga nan za mu gangara Afirka. Kwantiragina sai baɗi war haka. Ki ci gaba da rubutowa ta ofishin kamfani.

Mijinki,
Itaia


Nonouti, Mayu 1986

Itaia,

Muna gaishe ka. Ni da Iya lafiya. Takardarka ta iso, an karanta wa Iya, ta ce ai kai ne ka koya wa ita Iya kalmar, ba ita ta koya maka ba.

Na ce maka kada ka tayar da hankalinka. Yanzu nawa ne a tashe.

An kwance hannun, kumburi ya sace, amma yatsu uku ba su dawo ba: babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Idan ta dunƙule hannu, ƙananan biyu su lanƙwashe, manuniya ta tsaya ƙiƙam kamar tana zargin wani. Yara a makaranta sun sa mata suna Mai Nuni. Ba ta iya haɗa kan babban yatsa da manuniya. Fensir yana zamewa. Na ba ta ganye ta taya ni saƙar tabarma, ta yi ta kai hannu ganyen yana suɓucewa, daga baya ta tashi ta tafi bakin ruwa ta zauna. Gwiwar ma ba ta miƙewa duka.

Ma'aikacin asibiti ya ce wani lokaci jijiya takan firgita, sai a ba ta lokaci ta farfaɗo. Muka ba ta lokaci. Iya ta yi ta murza hannun da man kwakwa safe da yamma, ka san hannun Iya, mutane daga ƙauyuka suke zuwa ta gyara musu targaɗe. Bai yi ba.

Abin da ya tsinka min zuciya, ran Asabar ina gasa kifi, na juya sai na ga Tekarei ta dafa murfin tukunya tana ba ni labari. Na ji ƙauri kafin ita ta san wani abu ya faru. Na fizge hannun, fatar yatsu biyu ta tashi. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, “Mama, ban ji komai ba.” Sai a lokacin ta yi kuka, karo na farko tun faɗuwar.

Tudun nan na ƙarƙashin babban yatsa ya fara lotsawa, Itaia. Hannun yana ramewa muna kallo.

Na koma wurin ma'aikacin na nuna masa ƙunar. Bai yi gardama ba, nan take ya yi magana da Tarawa ta rediyo. Sun ce wasu likitocin ƙashi za su zo daga Ostareliya a watan gobe, a kawo ta. An ba mu wuri a jirgin sama. Iya ta ce ita ma za ta, wai ba za ta bar baƙi su taɓa jikarta ba tana nesa. Za mu sauka wurin ƙaninka.

Ka sa mu a addu'a.

Raweita


Tarawa, Yuni 1986

Itaia,

Gaisuwa. Mun iso lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, ƙaninka zai wuce gidan waya yanzu.

Mun ga likitar, mace ce, sunanta Dakta Kerrigan. Sun ɗauki hoton ƙashi. Ta ce jira ya ƙare, duk watan da ya wuce hannun ƙara mutuwa yake yi. Ta ce babu makawa sai an yanka daga gwiwar hannu. Za su zagaya wasu tsibirai su dawo ƙarshen wata, a lokacin za a yi. Idan muka bari suka koma ƙasarsu, sai baɗi, kuma ta ce baɗi ya yi nisa.

Na yi kuka, amma na yarda. Tekarei tana gaishe ka.

Zan rubuto da tsawo.

Raweita


Wayar tangaraho daga Durban, Yuni 1986

KADA A YANKA HANNUN YATA. BAN YARDA BA. KI MAYAR DA ITA GIDA. ITAIA


Tarawa, Yuli 1986

Baban Tekarei,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko kana son gaisuwata ba. Muna lafiya. An yi aikin.

Wayarka ta iso ana jibi za a shiga da ita. Ƙaninka ya miƙo min yana kallon ƙasa. Na karanta, na sake karantawa. Tun da muka yi aure ban taɓa tsallake maganarka a babban abu ba. Ƙananan kam na tsallake da yawa, ka sani. Amma ban gane ka ba. Kai da ka zaga duniya, ka ga asibitoci, kai ne za ka ce a bar yarinya da mataccen hannu don tsoron wuƙa?

Na fara naɗe tabarmi. Wallahi na fara. Iya tana zaune tana kallo na, ta ce, “Ina za ki?”

Na ce, “Gida. Ɗanki ya hana.”

Ta ce, “Ɗana yana ina?”

Na ce, “Durban.”

Ta ce, “Daga Durban ɗin yake ganin hannun? Ni na murza shi wata biyu da yatsuna. Abin da ke ciki ya fi ƙarfin mai. Ni ma ba na son wuƙa, na zo nan ne don in hana. Amma na ga matar nan yadda ta riƙe hannun, ba ta gaggawa. Ajiye tabarmar nan. Idan ya dawo zai yi faɗa, ki turo min shi, ni na haife shi.”

Ban san Tekarei tana bayan ɗaki tana ji ba. Ta shigo ta ce, “Mama, Baba yana da hannu biyu masu aiki. Ni ce mai ɗaya. Ni ya kamata a tambaya.” Na ce to, na tambaye ki. Ta ce, “A yi.”

Bari in faɗa maka abin da likitar ta bayyana mana, wata nas tana fassarawa. Akwai wata jijiya da ke bi ta gaban gwiwar hannu ta gangara zuwa yatsun nan uku, ita ke kai musu ji da motsi. Da ƙashi ya goce, sai ta zame ta faɗa tsakanin ƙasusuwan. Da aka mayar da shi, sai ya rufe da ita a ciki, kamar ƙofa ta datse bakin zani. Hoto ba ya nuna ta, ƙashi kawai yake nunawa, shi kuwa ƙashi yana zaune daidai, shi ya sa kowa ya ce a jira. Na tambaye ta ko laifin ma'aikacinmu ne. Ta ce a'a, ba a cika samun haka ba, amma yakan faru a hannun kowa, musamman ga yara, kuma da bai mayar da ƙashin ba da abin ya fi haka muni.

Da safe aka shiga da ita. Ni da Iya muka zauna ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibiti. Iya ta ja carbinta har ta gaji ta koma zagin kaji. Rana ta take kafin likitar ta fito, hula a kanta, gumi ya jiƙa mata riga. Ta durƙusa a gabanmu a cikin yashi, ta ɗauki wani zare ta matse shi tsakanin duwatsu biyu, ta nuna mana. Nas ta ce, “Ta same ta a ciki, a matse, ta yi faɗi ta yi siriri. Amma ba ta tsinke ba. Ta zaro ta, ta kwantar da ita a wurinta.”

Iya ta kama fuskar matar nan da hannu biyu ta shinshini kumatunta kamar jikarta. Likita ta rasa yadda za ta yi, sai dariya.

Ba ta yi mana alkawari ba. Ta ce jijiya a hankali take farfaɗowa, daga gwiwa ta gangara, ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa a kwana biyu ko uku ba. Wataƙila duka ya dawo, wataƙila rabi. Ta koya mana yadda za mu riƙa motsa yatsun kada su sandare kafin jijiyar ta iso su. Wannan aikin Iya ta karɓe, ba ta yarda ko ni in taɓa ba.

Na saɓa maka, na sani. Ka yi fushinka, amma ka rubuto.

Raweita


Nonouti, Satumba 1986

Itaia,

Gaisuwa. Mun dawo gida, kowa lafiya. Ciwon ya warke, an cire zare.

Jirgin sama ya sauka ya tashi ban san sau nawa ba, babu takardarka. Kullum Tekarei sai ta je ofishin tsibiri ta tsaya, ta dawo ta ce wataƙila jirginku yana tsakiyar teku. Na ce haka ne. Ni dai na san ka. Idan ka yi fushi kakan tafi kamun kifi ka ƙi magana, amma da yamma kakan dawo.

Idan ni kake hukuntawa, na karɓa. Ita me ta yi maka?

Tana cewa tana jin kamar tururuwa suna tafiya a ƙasan gwiwar idan Iya ta ƙwanƙwasa wurin. An ce alama ce mai kyau. Yatsun dai suna nan yadda suke.

Raweita


Valparaiso, Oktoba 1986

Raweita matata,

Ina gaishe ki, ina gaida Iya. Jikina lafiya. Sauran ban sani ba.

Tun takardar da kika rubuta a tsaye ban sake samun ko layi ɗaya daga gare ki ba. An canza mana hanya bayan Durban, muka yi ta yawo a tashoshin da ba a shirya ba, an ce jakar wasiƙunmu tana can tana bin mu. Ko kuma ke ce ba ki rubuto ba, kuma ba zan ga laifinki ba.

A Panama wani yaro ɗan Betio, can Tarawa, ya hau jirginmu. Na tambaye shi labarin gida, ya ce ya ji an yi wa 'yata aiki a hannu a asibiti. Ban ƙara tambayarsa komai ba. Na gane wayata ba ta hana ba.

Na so in rubuto tun lokacin. Na fara, na yaga, na fara, na yaga. Da fari fushi ne. Bari ki ji dalili. A tafiyar da ta wuce muna da wani ɗan Tuvalu, Penitala, injin jan igiya ya kama masa hannu, aka sauke shi a Santos aka yanke daga gwiwa. Na je duba shi kafin mu tashi. Na tarar da shi yana ƙoƙarin sa maɓallin riga, babban mutum, yana yi yana kasawa, ya ƙi yarda in taimaka. Da na karanta cewa za a yanke wa Tekarei daga gwiwa, shi na gani da fuskarta.

Daga baya fushin ya tafi ya bar ni da kunya. Ke kike wurin. Ke kika ji ƙaurin fatarta. Idan likita ta ce hannun yana mutuwa, kuma barinsa zai ci sauran jikin, me za ki yi? Kin zaɓi ranta. Ni kuma na aiko miki da tsawa daga wata duniya na bar ki ke kaɗai da ita. Ki yafe min.

Ga abin da nake yi, kada ki yi dariya. Tun Panama nake ɗaure hannuna na dama a bayan wando idan na tashi aiki. Ina koyon komai da hagu kaɗai, don in dawo in koya mata. Na iya cin abinci, na iya sa maɓalli, na iya ɗaura ƙugiya a zaren kamun kifi da hannu ɗaya da haƙori. Fere kwakwa ne ya gagare ni tukuna, amma na gano idan aka kafa ta tsakanin gwiwoyi ana iyawa. Na yanke kaina sau da yawa. Mai dafa mana abinci ya ɗauka na taɓu, yanzu shi ke yanka min nama ƙanana ba tare da ya tambaya ba. Wannan layin da hagu na rubuta shi, ki nuna mata, ki ce ubanta ma kaza ta fi shi rubutu amma yana ƙoƙari.

An ce a Jamus ana ƙera hannun roba mai kyau. Ina tambaya.

Ki faɗa mata babu abin da ya ragu daga gare ta a wurina. Ki faɗa mata da bakinki, ni idan na rubuta ba ya fitowa daidai.

Mijinki,
Itaia


Wayar tangaraho daga Nonouti, Nuwamba 1986

HANNU YANA JIKINTA. YATSU BIYAR. TSAGAWA AKA YI BA CIREWA BA. KWANCE HANNUNKA SAKARAI. RAWEITA


Yokohama, Disamba 1986

Raweita,

Gaisuwa, gaisuwa, gaisuwa! Ki gaida Iya, ki gaida Tekarei, ki gaida aladen ma.

Muna tsakiyar teku mai rediyon jirgi ya sauko da kansa har ɗakin inji yana nema na. Bajamushe ne, ba ya jin harshenmu, ya ce dai an ce gaggawa. Na karanta a tsaye, man inji duk a hannuna. Na karanta yatsu biyar, sai na zauna a kan bokiti. Ya ce, “Mutuwa?” Na ce a'a. Ya ce, “Haihuwa?” Na ce kusan haka. Ya nuna kalmar ƙarshe ya ce wannan fa? Na ce sunan da matata take kira na ne idan tana so na.

Na hau sama na yi ihu har kyaftin ya leƙo. Da yamma 'yan ƙasarmu suka fito da jita, muka yi rawa a kan murfin rumbun kayan jirgi, ni ina ɗaga hannu biyu kamar wanda aka ba sababbi. Mai abinci ya kawo min nama guda bai yanka ba, ya ce hutunsa ya zo.

A nan Yokohama jakar ta kamo mu. Na jera takardunki na karanta bi da bi. Ta Yuli na karanta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Ta Satumba sau ɗaya na iya.

Amma ke ma, Raweita! “Sai an yanka daga gwiwar hannu.” Haka ake rubuta wa mutumin da ke bayan duniya? Kalma ɗaya za ki ƙara. Na san a tsaye kike, na san ƙanina yana ƙofa yana ƙara miki gaggawa, zan gamu da shi. To, ni ma da na tambaya kafin in yi tsawa. Mun yi kunnen doki.

Ki ce wa Iya na ji saƙonta, ba sai an turo ni ba, zan kawo kaina. Ki ce wa Tekarei gaskiyarta, ita ya kamata a tambaya.

Yanzu ki faɗa min gaskiya, tururuwan sun kai ina? Kada ki rage, kada ki ƙara. Kuma ki zauna kafin ki rubuta.

Naki,
Itaia


Nonouti, Maris 1987

Itaia mijina,

A zaune nake. Gaisuwa daga gidan nan duka. Muna lafiya, Iya ta samu sabuwar sanda ta ƙi amfani da ita sai wajen korar karnuka.

Takardarka ta Valparaiso, ban faɗa maka yadda muka yi da ita ba. Na fara karantawa a fili, na kai wurin Penitala na tsaya na ce, “Iya, ɗanki ya ɗauka cire hannun aka yi.” Iya ta ce, “Na faɗa miki tun yana yaro ba ya ƙarasa jin magana.” Muka yi dariya har na riƙe ciki. Da na kai wurin hannun da kake ɗaurewa a baya, dariyar ta tsaya. Tekarei ta karɓi takardar ta tafi da ita, har yau ban san inda ta ajiye ba.

Ka tambayi tururuwa. Kafin Kirsimeti sun kai wuyan hannu. A Janairu ta ce tafin hannunta yana ƙaiƙayi kamar ta taɓa ƙaya. Wata rana tana wanke kwano ta ce ruwan ya yi zafi, na tsaya ina kallon ta, ba ta ma lura da abin da ta faɗa ba. Gwiwar tana miƙewa, saura kaɗan, an ce wataƙila wannan kaɗan ɗin ba zai dawo ba. Kan manuniya har yanzu kamar an sa masa safa, in ji ta. Ka ce kada in ƙara, ban ƙara ba. Motsin kan yatsun biyu kuwa shiru, har na fara shirya zuciyata in karɓi rabi.

Sai ran Lahadin da ta wuce.

Ka san katikis ɗinmu idan ya kama wa'azi. Ga zafi, ga shi na yi asubanci wajen tsintar kwakwa. Ina zaune a tabarma, Tekarei a haguna, Iya a gaba. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. An ce har na fara minshari, ni ban yarda ba.

Sai na ji wani abu ya kama min cinya kamar ƙaguwa. Na zabura na ce, “Wayyo! Ke, don ubanki!” a tsakiyar coci, katikis yana kan maganar haƙurin Ayuba. Kowa ya juyo. Na ɗaga hannu zan make ta, sai na ga ba ni take kallo ba. Hannunta take kallo. Babban yatsa da manuniya sun lanƙwashe, kai da kai, da naman cinyata a tsakaninsu.

Ta ce a hankali, “Mama, da na dama ne.”

Na ce, “Sake.”

Ta sake. Itaia, yarinyar nan ba ta da tausayi. Na yi ƙara na biyu, na miƙe tsaye na ce wa jama'a, “Ta mintsine ni! Ku duba, ta mintsine ni!” Katikis ya sauke littafi ya ce, “Raweita, a gidan Allah?” Iya ta juyo, ta gani, ta miƙa nata hannun ta ce, “Ni ma.” Aka mintsine ta. Ta ɗaga murya ta kama waƙar godiya ba tare da ta jira kowa ba, mata suka amsa, maza suka shigo da tasu muryar, wa'azi dai bai ƙarasu ba. Bayan an tashi mutane suka yi layi a ƙofa, tsofaffi da yara, kowa yana miƙo hannu. Har katikis. Yaran da suke ce mata Mai Nuni ta ajiye su a ƙarshe, ta yi musu da kyau.

Ma'aikacin asibitinmu ya zo har gida da yamma, ya sa ta ɗauki allura daga kan tabarma. Ta ɗauka a karo na uku. Ya fita waje ya daɗe yana gyaran babur ɗinsa da babu abin da ya same shi. Ya ce zai aika wa Dakta Kerrigan labari.

An ce jirgin da zai kawo ku Tarawa sai ƙarshen Afrilu. Wurin da ta kama ni ya yi baƙi, ya kai faɗin ƙwai. Iya ta kawo mai za ta shafa, na hana. Ina so ka gani da idonka. Idan kuma ya baje kafin ka iso, 'yarka ta ce kada ka damu, naka yana nan tana ajiye maka.

Taka,
Raweita